Cututtukan da suka fi yin ajalin mutane a Najeriya: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Kano

A gidajen ta'aziyya na Kano, idan aka tambayi abin da ya sami mamaci, amsar ba ta cika wuce "gajeruwar rashin lafiya" ko "ya daɗe yana jinya" ba, daga nan sai a yi addu'a a shafa. Wannan ladabi ne mai kyau, kuma zauren makoki ba wurin bin diddigi ba ne. Sai dai ya kamata al'umma ta san sunayen cututtukan da suke ɗauke mata mutane, domin da yawa daga cikinsu an san maganinsu tun da daɗewa, kuma maganin ba mai tsada ba ne.

Waɗanne cututtuka ne suke kan gaba?

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da na cibiyoyin bincike ya daɗe yana nuna abubuwa huɗu a sahun gaba: matsalolin da ke samun jarirai a watansu na farko, zazzaɓin cizon sauro, gudawa, da ciwon huhu irin su limoniya. Wurinsu a jeri yakan sauya daga shekara zuwa shekara, amma ba sa barin saman jerin. A bayansu akwai tarin fuka, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ƙanjamau, sanƙarau, ciwon hanta, da mutuwar mata wajen haihuwa.

Wannan jeri ya sha bamban da na duniya baki ɗaya, inda ciwon zuciya ne yake kan gaba, kuma yawancin masu mutuwa tsofaffi ne. A nan kuwa, kaso mai yawa na gawarwakin da ake kaiwa makwanci na yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Shi ya sa matsakaicin tsawon rai a Najeriya bai wuce kimanin shekara 54 ba, ɗaya daga cikin mafiya ƙanƙanta a duniya. Wannan adadi ba yana nufin yawancin manya suna rasuwa a wannan shekarun ba ne. Mutuwar ƙananan yara ce take jawo lissafin ƙasa.

Ta yaya aka san wannan, alhali ba kasafai ake rubuta mutuwa ba?

Tambayar tana kan hanya. Kimanin mutuwa ɗaya ce kawai cikin goma ake yi wa rajista a Najeriya, duk da cewa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce doka ta ɗora wa wannan aiki, kuma rabon da a yi ƙidayar jama'a tun 2006. Yawancin mutane a gida suke cikawa, ana kuma yi musu sutura cikin 'yan sa'o'i kamar yadda addini ya koyar, ba tare da wani likita ya rubuta dalili ba.

Saboda haka masana suna dogaro da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce binciken gida-gida kan lafiya da yawan jama'a, wanda ake yi bayan 'yan shekaru, inda ake zama da mata a tambaye su 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ne suke raye. Ta biyu ita ce tambayar dangin mamaci alamomin da suka gani kafin rasuwa: ko akwai zazzaɓi, ko tari, ko jijjiga, kwana nawa aka yi, sannan likitoci su duba amsoshin su fitar da dalilin da ya fi kusa.

Mutanen Kano sun ga illar rashin rajista da idonsu a watan Afrilun 2020, lokacin da dattawa suka riƙa rasuwa a jere. Masu haƙar kabari ne suka fara ankarar da jama'a cewa aikinsu ya ninka, domin babu wani littafi da za a buɗe a kwatanta mutuwar bana da ta bara. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya sanar cewa an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa suna da nasaba da korona. Wannan sakamako ma ta hanyar tambayar dangi aka same shi, bayan an riga an rufe mutanen.

Me ya sa jarirai suke mutuwa da yawa haka?

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yaro 1,000 da aka haifa da rai, 132 ba sa kaiwa shekara biyar, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya kai 187. Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna an sauko zuwa 110 a ƙasa baki ɗaya, wanda ci gaba ne na gaske. Amma mutuwar jarirai a kwana 28 na farko ba ta motsa ba: tana nan a wajen 40 cikin 1,000.

Abubuwa uku ne suka fi ɗauke su: haihuwar bakwaini, rashin yin numfashi nan take bayan doguwar naƙuda, da shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Na ukun nan yakan fara ne daga cibiya. A gidaje da yawa har yanzu ana gasa cibiya da tsumma mai zafi, ko a shafa mata man goge baki ko wani haɗi, alhali akwai man shafawa na kulohezidin da ake bayarwa a asibiti domin wannan aiki kaɗai. Haka nan cire beli da wanzami yake yi da ƙarfen da ba a tafasa ba yana iya jawo zubar jini ko shigar cuta.

Jaririn da ya daina kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya yi sauri, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi ɗorawa saboda shawara, ba a jira da shi sai bayan suna. A ranar ake kai shi asibiti. Shi kuwa bakwaini, ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a lulluɓe su tare, a riƙa ba shi nono akai-akai, hanya ce da aka tabbatar tana ceton rai ko da babu kwalbar ɗumama jarirai.

Zazzaɓin cizon sauro da kowa ya saba da shi, har yanzu yana kisa?

Yana kisa fiye da yadda ake zato, kuma sabon da aka yi da shi yana cikin abin da ya sa. A 2022 Najeriya ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka kamu da maleriya a duniya, da kusan kashi 31 cikin 100 na waɗanda ta kashe. A shekarar 2022 cutar ta kashe kimanin mutum 608,000 a duniya, mafi yawansu yara ƙanana a Afirka.

Babban mutum da ya sha fama da zazzaɓi tun yana yaro jikinsa ya samu ɗan kariya, shi ya sa yakan sha magani ya miƙe. Yaro ɗan shekara biyu ba shi da wannan kariyar. Ƙwayar cutar tana farfasa jininsa har ya yi fari fat, ko ta taɓa ƙwaƙwalwa ya shiga jijjiga, kuma tsakanin fara zazzaɓi da wannan hali wani lokaci kwana ɗaya ne ko biyu. Duk wanda ya shiga Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko sashen yara na Asibitin Murtala daga watan Agusta zuwa Oktoba ya san yadda gadaje suke cika, iyaye na neman wanda zai ba da jini.

Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne kwanakin da ake ɓatawa ana gwada maganin kyamis ɗaya bayan ɗaya ba tare da gwajin jini ba, da kuma ɗaukar jijjiga a matsayin shafar iska. Gwajin ɗigon jini na yatsa ba ya wuce minti 20. Idan ya nuna maleriya ce, a sha cikakken maganin na kwana uku ko da zazzaɓin ya sauka a rana ta farko. Maganin rigakafin da ma'aikata suke rabawa gida-gida duk wata a lokacin damina, ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, yana rage kamuwa sosai idan an ba da shi yadda aka ce. An kuma fara ba da allurar rigakafin maleriya a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamban 2024, amma ba ta maye gurbin gidan sauro ba.

Gudawa da limoniya fa?

Gudawa tana kisa ne ta hanyar ƙarar da ruwan jiki. A Kano, inda gidaje da yawa suke sayen ruwa daga hannun 'yan garuwa, kuma rijiya takan yi kusa da masai, yaro yakan yi gudawa sau da yawa a shekara. Sau da dama ana cewa haƙori ne yake fitarwa, sai a zuba ido, har maɗigarsa ta faɗa, idanunsa su zurma. Maganinta ruwan gishiri da sukari ne na cikin leda, tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, kuma ba a dakatar da nono ko abinci. Tun watan Agustan 2022 an saka ɗigon rigakafin rota, ƙwayar cutar da ta fi jawo gudawa mai tsanani ga jarirai, cikin jerin rigakafin yara na kyauta.

Limoniya kuma ana gane ta da saurin numfashi da faɗawar ƙasan haƙarƙari idan yaro ya ja iska. Iyaye za su iya ƙirgawa da agogon waya: numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta a tafi asibiti. Hayaƙin itace da na gawayi a ɗaki rufaffe, musamman lokacin hunturu, yana ƙara haɗarin.

A ƙarƙashin duka waɗannan akwai tamowa. Kusan rabin mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya tana da nasaba da rashin abinci mai gina jiki, kuma a 2018 kashi 57 cikin 100 na yaran Arewa maso Yamma sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Gudawar da yaro mai ƙoshi zai warke daga ita cikin kwana uku, ita ce take tafiya da yaron da aka yaye a kan koko tsura.

Mata nawa ne suke rasuwa wajen haihuwa, kuma me yake kashe su?

Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna kimanin mata 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 sanadin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya. A ganina babu wani adadi a wannan shafi da ya kai wannan nauyi, domin jaririn da ya rasa uwa shi ma rayuwarsa tana shiga haɗari.

Zubar jini bayan haihuwa ne kan gaba, sai hawan jini na masu ciki da ke kai wa ga jijjiga, sai shigar cuta, da doguwar naƙuda. Macen da jini ya ɓalle mata tana iya rasuwa cikin sa'a biyu. A 2018, kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Arewa maso Yamma ake yi a asibiti. Sauran a ɗaki ake yi, kuma idan abu ya rikice sai a fara jiran maigida ya dawo ya ba da izini, sannan neman a-daidaita-sahu cikin dare, sannan neman jini. Magidancin da ya ba da izini tun ciki yana ƙarami, ya ajiye kuɗin mota, ya kuma san ɗan'uwan da zai ba da jini, ya rage wa matarsa wannan jira mai haɗari.

Kano tana da hannu a wani ci gaba da duniya ta amfana da shi. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tana cikin jagororin wani bincike da aka yi a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2023. An riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, domin ungozoma ta ga yawansa a rubuce maimakon ta kintata da ido, sannan a ba da magungunan tsayar da jini gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya rage mummunan sakamakon zubar jini da kimanin kashi 60 cikin 100.

Tarin fuka da ƙanjamau sun ragu ne?

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ciki har da Asibitin Zana, kuma ana warkewa idan aka sha magani na wata 6 ba fashi. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama da gumin dare, gwajin majina yake buƙata. Ƙanjamau kuwa, wani bincike na musamman da aka yi a kanta a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne suke ɗauke da ita, kuma wanda yake shan magani kullum yana iya rayuwa har tsufa. Masu mutuwa yawanci waɗanda suka ɓoye ne ko suka yanke magani.

Me ya sa ake yawan jin wani ya yanke jiki ya faɗi?

Yawanci hawan jini ne da aka yi shekaru ana ɗauke da shi ba a sani ba. Kusan babban mutum ɗaya cikin uku a Najeriya yana da hawan jini, kuma da yawa ba su taɓa aunawa ba, domin ba ya ciwo. A hankali yake lalata jijiyoyi, har wata rana ɗaya ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Ko zuciya ta gaza, ƙafafu su kumbura. Ko ƙoda ta daina aiki, iyali su shiga sayar da kadara domin wankin ƙoda. Ciwon suga yana tafiya tare da shi, yana kuma ƙara masa ɓarna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da mutum yake ci a rana ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan lissafi ya haɗa da gishirin da ke cikin dunƙulen miya, yajin tsire, kilishi da taliyar yara. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, shi ya sa likitoci suke jan hankali kan yawan kunun kanwa ga mai jego, musamman wadda jininta ya hau lokacin goyon ciki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne daina shan magani da zarar awo ya nuna jini ya sauka, alhali maganin ne ya saukar da shi. Idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, asibiti ake nufa nan take, kuma ba a ɗura wa mutum ruwa ko rubutu a baki, domin yana iya shaƙewa ya wuce huhu.

Sankara ma tana ƙaruwa: ta mama da ta bakin mahaifa ga mata, da ta hanta, wadda ciwon hanta nau'in B yake haddasa yawancinta. A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa kyauta.

Ina matsayin annoba irin su sanƙarau, kwalara da mashaƙo?

A jimillar shekara ba su kai maleriya kisa ba, amma sukan zo gaba ɗaya. Sanƙarau na 1996 ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Kwalarar 2021 ta kashe fiye da 3,500, kuma Kano tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Mashaƙon da ya ɓarke a ƙarshen 2022 kuwa, Kano ce cibiyarsa, kuma mafi yawan waɗanda ya kama yara ne da ba su kammala rigakafi ba.

Ɗari-ɗarin da wasu iyaye suke yi da allura yana da tushe a tarihi. A lokacin sanƙarau na 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Wannan rauni yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. Sai dai allurar mashaƙo da ta ƙyanda ba gwaji ba ne. An shafe shekaru da dama ana yi wa yara su a duniya. Kuma da sarakuna da malamai suka shiga aikin rigakafin shan inna, an kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020.

Hatsarin mota fa?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana rubuta mutuwar fiye da mutum 5,000 a shekara, amma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ninka wannan sau da yawa, domin ba kowane hatsari ne yake isa ga jami'ai ba. Gudun wuce sa'a ne babban dalili, kuma matasa maza ne suka fi tafiya. Gobarar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa, a Oktoban 2024, ta kashe fiye da mutum 150, yawancinsu masu kwasar man da ya zube.

Tunda ajali a rubuce yake, mene ne amfanin wannan lissafi?

Babu Musulmin da yake shakkar cewa rai ba ya wuce wa'adinsa. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke a can, sai ya juya da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Haƙuri bayan rashi wajibi ne, neman sababi kafin rashi shi ma umarni ne. Misali na kusa shi ne sikila: kimanin jarirai 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara, kuma gwajin jini kafin aure yana nuna ma'auratan da 'ya'yansu suke cikin haɗari. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wannan gwaji, tare da na ƙanjamau da ciwon hanta, kafin ɗaura aure a Jihar Kano.

Idan kuɗi ne matsalar, ina mafita?

Gaskiya ne cewa kuɗi ne yake hana mutane da yawa zuwa asibiti da wuri. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa, kuma duk da alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba. Wannan hakki ne da ya kamata jama'a su riƙa tambayar wakilansu a kai.

Kafin nan, akwai abubuwan da ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Rigakafin yara, maganin tarin fuka da maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati. Dokar lafiya ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani daga cikinsa, kuma a Kano hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ce take yi wa mutane rajista. Mai son shiga sai ya tambaya a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsa, ya tafi da lambar katin ɗan ƙasa. A irin wannan asibiti ne kuma ake awon ciki da awon hawan jini, kuma ofishin Hukumar Ƙidaya da ke sakatariyar ƙaramar hukuma shi ne wurin rajistar haihuwa da ta mutuwa.